Yage kati a maishe shi: wai shi ne sarkin wasan dabo?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Magana zan aje nan, mai gardama shi taho. Dut wasan 'yan dabo da nit taɓa gani babu wanda yak kai na yage kati a maishe shi. Jiya bayan isha'i muna zaune wurin mai shayi wani yaro ɗan jami'a yah hiddo karta, yac ce in zaɓi guda, nis sa hannu bisa da birona, yan ninke ta huɗu yay yayyage gabana ina jin ƙarar takardar da kunnena, sannan yab bi guntayen shina haɗawa ɗai-ɗai ba gam ba yawu har ukku sunka kama juna, na huɗun yam miƙo min wai in riƙe. Katin na aljihuna yanzu haka. Wallahi ya hi min ganin an raba mace biyu cikin akwati.

Kawu Na-Arkilla: Kai ɗana, yada katin nan tun da wuri. Takarda in ta yage ta yage. Wanda duk kag ga ya haɗa ta ba salatif to ba shi kaɗai na ba, akwai masu taya shi aiki. Mun ga irinsu ga tsohuwar kasuwa tun ba a haihe ka ba.

Anti Malama: Kawu ina wuni. Rabin maganarka gaskiya ce, takarda in ta yage ba ta komawa. Katin karta ma takardu ne aka manne da gam a tsakiya, in ka duba bakin wanda ya yage za ka ga hawa-hawan. Amma ba sai an kira aljani ba. Abin da ya yage daban, abin da ke aljihun Ɗan Mabera daban.

Ɗan Mabera: Anti to sa hannuna hwa? Ni nis san rubutuna ai

Injiniya: Sa hannunka ne, ba wanda ya ce ba shi ba ne. Hanyoyin suna da yawa amma kusan duk uwarsu ɗaya, akwai abin da ya fi wanda kake ƙirgawa. Tsohuwar hanya ita ce kati biyu iri ɗaya, mai wasan ya riga ya yage kusurwar ɗayan tun a gida ya ɓoye, ya sa ka zaɓi ɗan'uwansa kana ganin kai ka zaɓa, ya yayyage shi, sai ya ba ka waccan kusurwar ta gida a matsayin shaida. In ya fito da katin da ya ɓoye ka gwada kusurwa ta zauna daram, dole ta zauna mana tunda daga jikinsa ta fito. Da mutane suka fara ganewa sai aka koma sa hannu. A nan kuma ninkin nan huɗu da ka gani ba ado ba ne, kati in an ninke shi yana ɓuya bayan yatsu, ana iya yaga guntun wani katin kana jin ƙara alhali naka yana lanƙwashe a baya. Ban ga na yaron ba balle in ce ga wadda ya bi, amma ba ta wuce gidan nan.

Kawu Na-Arkilla: Injiniya kai komi sai ka ce dabara. To matsafan Fir'auna hwa? Alƙur'ani cewa yay yi sun sihirce idanun mutane, igiyoyi da sanduna sunka zan kamar suna tahiya. Rufa ido ai shi na.

Injiniya: Allah ya ja kwana Kawu, hukunci na malamai ne, ni ba zan shiga gonarsu ba. Abin da na sani shi ne wannan ana koyonsa kamar ɗinki. Tun 1584 wani mutumin Ingila Reginald Scot ya rubuta littafi don ya nuna waɗanda ake kamawa da sunan maita ba mayu ba ne, a ciki ya tona yadda ake ƙona zare a dawo da shi da yadda ake ƙona kati a same shi a wani wuri. Sama da shekara 400 ke nan. Ni wanda nake tsoro ba yaron da ya ce maka wasa zai yi ba ne, mai cewa kawo dubu goma in mayar maka dubu ɗari ne, hannun iri ɗaya niyya ce ta bambanta.

Sarkin Gardama: Ku dakata kun bar zancen. Ɗan Mabera cewa yay yi ya hi DUT wasan dabo. Haba! Ɗan kati da bai kai tahin hannu ba? David Copperfield, ɗan dabon Amurka, a 1983 ƙaton gunkin nan na Niyok, Statue of Liberty, gaba ɗai yab ɓatar. Nan gida Farfesa Peller na Ibadan da anka kashe 1997, manyan kaya shi ka yi bisa dandamali jama'a cike. Wanga wasan wurin shayi na, a ba shi hamsin a sallame shi.

Anti Malama: Ni kuwa nan ne na koma bayan Ɗan Mabera. Ka taɓa raba mace biyu? Ka taɓa ɗaga gunki? Akwatin nasu ne, dandamalin nasu ne, fitilun nasu ne, kana zaune can nesa ko a gaban talabijin zuciyarka ta riga ta ce akwai wani abu a jikin akwatin ko ba ka san ko mene ne ba. Amma takarda kowa ya taɓa yagawa. Makon jiya ɗari biyu ta yage min wajen zaro ta daga jaka, na zauna na jera bakin da kyau na bi da salatif gaba da baya, da na sauka Gawon Nama ɗan kabu-kabu ya ɗaga ta sama ya juya ta ya miƙo min abata ya ce Hajiya canza min. Hannunka ne ya san yagewa ba ta da magani, ba labari aka ba ka ba. Shi ya sa in an haɗa a gabanka abin ke taɓa ka.

Injiniya: Kuma Copperfield ɗin da ka kawo shi ma ya yi na katin. Akwai wani tsohon kati mai hoton ɗan wasa Honus Wagner wanda Wayne Gretzky, ɗan wasan hoki na ƙanƙara, da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, a shirinsa na talabijin ya nuna ya yage shi gaban mai shi ya haɗa. Mai ɓatar da gunki bai raina kati ba. Wanda ya yi suna da haɗawa gunduwa-gunduwa da sa hannu a jiki kuwa Guy Hollingworth ne ɗan Ingila, lauya ne ma.

Sarkin Gardama: To in ya isa mi yah hana shi haɗa na huɗun? Ukku yah haɗa yab bar guda. Tela shi ɗunka maka riga shi bar hannu guda shi ce kwalliya ta? Kasawa yay yi, nan asirin yake.

Injiniya: Ba ka yi ƙarya ba, a wasu hanyoyin guntun ƙarshe shi ne mai wuya kuma barinsa yana rufe wa mai wasa asiri. Masu haɗa huɗun duka ma akwai.

Anti Malama: Amma ka tambayi kanka, da ya miƙo masa kati sumul ba ko alamar ninki me zai ce? Zai ce an musanya, ya jefar ya sha shayinsa. Giɓin nan da layin ninkin su ne ke ce masa yagewar ta faru. Ɗan Mabera tsakaninka da Allah sau nawa ka gwada guntun a gurbinsa daga jiya zuwa yau?

Ɗan Mabera: 😂 Anti ki bari. Ya hi goma. Har hitilar waya nih haska mai da asuba, uwargida tac ce ko caca nif fara

Sarkin Gardama: Ni dai ban sauka ba. Shi maimaita gabana da wot ɗina na gida in tsaya bayanai, in ya yi na yarda.

Ɗan Mabera: Mun ce shi sake yac ce ba a yi sau biyu. Mai shayi ma ya jawo wata yagaggar ɗari biyar daga gwangwani yac ce don Allah taimaka, yaron yay yi dariya yac ce shi ba shi taɓa kuɗi.

Kawu Na-Arkilla: Kun ji ko! Aljanin nashi ma talaka na. In ya dawo ku kira ni, amma daga nesa za ni tsayawa, kuma kar wanda yab ba shi hulata.