Ƙanwata mai juna biyu ta kasa rabuwa da Tramadol, ina mafita?

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da ungozomomi, ku ba ni shawara.

Ƙanwata sikila ce. Shekara biyu da suka wuce ciwon ƙashi ya kwantar da ita, likita ya rubuta mata Tramadol mai 50mg na 'yan kwanaki. Kwanakin suka wuce, ita ba ta daina ba. Tun tana sha don ciwo har ta kai in ba ta sha ba ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Yanzu mai 225 take sha, irin wanda ake sayarwa a ɓoye.

Cikinta wata biyar. Da Inna ta gano, sai ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai. Wallahi kwana biyu ba mu runtsa ba: gumi, amai, gudawa, mararta tana ƙullewa kamar naƙuda. Tsoro ya sa muka bari ta koma sha. Daga baya wata nas ta ce mana yanke shi lokaci guda yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, in kuma ta ci gaba jaririn yana iya zuwa da yawan kuka, karkarwa da ƙin kama nono.

Gaba kura, baya sayaki. Ta ƙi faɗa a wurin awo, wai kunya, mijinta ma bai sani ba (wannan kuma wani aikin ne). Na ji ana ba masu ciki methadone, wani magani da ke maye gurbin irin wannan ƙwaya, bisa kulawar likita, ana samunsa a asibitocinmu? Likitan mata za mu fara gani ko na ƙwaƙwalwa? In ciwon sikilar ya tashi kuma, me za a ba ta?