Maigidana ya ce in ɗanɗana baƙar giyarsa in faɗi gaskiya

Ɗan Bukuru: Jama'a barkanku. Ina aiki a wata ƙaramar mashaya a Brussels. Maigidan ya dafa baƙar giya da kansa, irin dubbel ta 'yan zuhudu, ya ce ranar Juma'a in ɗanɗana in gaya masa ko ta isa a sayar. Ni farar giya da burkutu kawai na sani. Me ake dubawa? In ba ta yi ba, in faɗa masa ko in yi shiru?

Yaron Kafanchan: Jefa ta firiza ta yi ƙanƙara, ka sha abinka.

Maman Joy: Kai ɗana, haka ake kashe ta. Sanyi kaɗan take so, kamar digiri 12. Zuba a kofi mai faɗin baki, a hankali, ka bar yis ɗin da ya kwanta a gindin kwalba. Shinshina kafin ka kurɓa: ƙamshin dabino, zabibi, ɗan kanumfari. Sukarin da ake ƙonawa ya yi duhu shi ke ba ta launin. In ka ji tsami irin na burkutun da ya kwana, ta lalace.

Baba Liège: Ku bar zancen ƙamshi. Zaƙin nan ne tarkon. Shekarar da na zo aka ba ni mai barasa kashi 9 cikin ɗari, na yi ta kwankwaɗa kamar maltina. Jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce ni, na kwana a benci cikin hunturu, aka sace min jaka da takarduna a ciki. Kafin in sabunta su aiki ya tafi. Har yau ba na son jin warinta.

Yaron Kafanchan: Baba, ashe bencin ne ya ɗanɗana ka 😂

Baba Liège: Yaro, ka yi dariya. Allah ya kiyaye ka.

Alhajin Anderlecht: Ni ban taɓa sha ba, amma na daɗe ina kai wa mutane tebur. Sayo Westmalle Dubbel, kashi 7 ce, ka ajiye gefen ta maigidanka ka gwada. Ba ta kai yuro 2 ba.

Maman Joy: Yuro 5 na biya jiya.

Alhajin Anderlecht: A mashaya ke nan, Mama. Ni kanti nake nufi.

Gimbiya: Wanda bai taɓa kurɓa ba shi zai koya mana ɗanɗano?

Alhajin Anderlecht: Ƙanwata, kofin da aka dawo da shi rabi ai ni nake ɗauka. Na san wadda ake bari.

Ɗan Bukuru: To in faɗa masa gaskiya ko a'a?

Gimbiya: Ka fara tambayarsa ko ɗanɗanon yana cikin awannin aiki. Namu ya tsayar da mu har ƙarfe 2 na dare muna wanke kofuna, ƙarshen wata ko sisi bai ƙara ba.

Baba Liège: Ke ma? A rubuce yake a takardar albashinki ko da baki ya yi alkawari?