Kifin Kainji: a zuba 'ya'ya ko a sako ruwa?

Daga zauren WhatsApp na 'yan Arewa masu kasuwancin banda a Legas, da 'yan'uwansu mazauna garin.

Alhaji Garba, Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Motar Yawuri ta sauke kaya jiya da dare, kowane kwali ka buɗe tarwada ce da ƙananan karfasa. Giwan ruwa sai ka tona, yauni kuwa ko na magani babu. Ni dai na gaji da jin ana cewa dam ne ya kashe kifi. Kainji tun 1968 yake tsaye, kuma bayan gina shi ne iyayenmu suka yi kuɗi da kifi. Kamu ne ya yi yawa, shi ke nan. Shawarata, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, mu sayi 'ya'yan tarwada wajen masu ƙyanƙyasa, a kai Yawuri a zuba. Shekara biyu za ku ga canji.

Malam Sanusi Bayawuri: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, niyyarka mai kyau ce, amma kuɗinmu za mu kai wa tsage da giwan ruwa su yi kalaci. Ni ɗan Sarkawa ne, a jirgi na tashi. Kwara ruwa biyu take kawowa a shekara: farin ruwa na daminarmu, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa da yake tasowa tun daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ba ya iso mu sai sanyi ya shiga. Kifi da wannan lissafin yake aiki. Ruwa na fara hawa fadama zai bi shi cikin burgu da ciyawa ya saki ƙwai, 'ya'yan su yi girma a inda manya ba sa iya shiga, ruwa na janyewa su biyo shi su dawo kogi da ƙwarinsu. Bargi sheƙa yake yi a cikin ciyawa, yauni ma haka, tasa har yawo take a kan ruwa. In babu ciyawar da ruwa ya hau a kan lokaci, a ina za su yi?

Alhaji Garba, Mile 12: To ai tafkin Kainji yana cika yana janyewa duk shekara, Malam. Wace fadama kuma kake nema?

Malam Sanusi Bayawuri: A tafkin akwai sauran dama, gaskiya ne. Ka gangara ƙasan dam ka gani. Daga Jebba zuwa Fategi har Lakwaja, ruwan da Nufawa ke jira ya hau musu fadama yanzu injin wuta ne ke yanke masa ranar zuwa. Sannan kifin da yake haurawa sama don haihuwa, ya zo ya tarar da bango.

Nura, Idi-Araba: Baba Alhaji, ku yi haƙuri in sa baki. A Amurka rushe dam suke yi yanzu. A kogin Klamath sun cire guda 4, aikin ya kammala a 2024, kuma a watan Oktoba na shekarar aka ga kifin salmon ya haura zuwa jihar Oregon, inda rabonsa da zuwa ya fi shekara 100. Kafin nan sun cire 2 a kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014. Mu ma abin da ya kamata ke nan.

Injiniya Aminu, Agege: Nura, da wace wutar ka yi cajin wayar da ka rubuto wannan? Dam huɗun Klamath gaba ɗaya ba su kai megawat 200 ba, a ƙasar da wuta ta yi musu yawa. Kainji an gina shi ne kan megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600, Zungeru 700. Duk ranar da iskar gas ta yanke wa tashoshi irin su Egbin, su ne ke riƙe layin. Ka je ka gaya wa mai ɗakin sanyi a Ijora za a rushe Kainji saboda yauni, ka ji amsar da zai ba ka. A ajiye wannan maganar, ba mai yiwuwa ba ce.

Nura, Idi-Araba: To a yi wa kifin matakala kamar yadda Turawa ke yi.

Injiniya Aminu, Agege: Matakala don salmon aka ƙirƙire ta, kifi ne mai tsalle da ƙarfin nunƙaya. Bangon Kainji ya kai mita 65. A Tailan an yi wa dam ɗin Pak Mun matakala, shi da bai kai rabin wannan tsawon ba, kifin kogin bai bi ta yadda aka zata ba. Da masunta suka matsa lamba, sai gwamnati ta koma buɗe ƙofofin dam ɗin wata 4 a shekara.

Malama Hauwa: Salam, iyayena. Ni karatun kifi na yi, bari in faɗi abin da aka auna, don Alhaji da Malam Sanusi kowa ya riƙo gefe guda. Duk sabon tafki yana farawa da yalwa, saboda itatuwa da ciyawar da ruwa ya binne suna ruɓewa su zama taki. Haka aka yi a Kainji: kamun shekarar 1971 ya haura tan 28,000, faliya ta cika ko'ina. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Arzikin da Alhaji yake tunawa na wancan ɗan tsakanin ne, ba zai dawo ba ko da babu masunci ko ɗaya. Kifayen da ke son ruwa mai gudu, irin dangin miligi, tun a shekarun farko suka ragu a cikin tafkin. Wannan aikin dam ne, ba na kowa ba. A shekarun 1990 kamu ya sake hawa, amma kaso mai yawa warangi ne, 'yan mitsitsin kifin nan da ake ja da ragar da ake kira dala, ita kuwa dala idonta ƙanƙani ne, tana kwasowa har da 'ya'yan manyan kifaye. Shi ya sa a zamanin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus aka hana ta. A nan Alhaji yana da gaskiya.

Alhaji Garba, Mile 12: Madalla 'yata. Kun ji ko? Kamu ne.

Malama Hauwa: Ban gama ba, Baba. Inda ban bi ka ba shi ne zuba 'ya'yan. Faɗin tafkin ya haura murabba'in kilomita 1,200. Ko mun haɗa duk abin da muka mallaka, abin da za mu zuba ba zai nuna ba. Na biyu, yawancin 'ya'yan da ake sayarwa na kiwo ne, an saba musu da abincin buhu, wasu ma haɗin tarwada da ramboshi ne. In sun rayu suka haɗu da na kogi, irin namu na asali ne zai gurɓace. Na uku, tarwada ba ta ɓace ba, ita ce ma ta cika kwalayenka. Wanda ya ɓace yauni ne da bargi da manyan giwan ruwa, su kuwa wurin haihuwa suka rasa da kuma damar girma. Sannan sa kifi a ruwa ba wasa ba ne. Giwan ruwan nan da muke kuka a kai, shi aka kai tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya cinye ɗaruruwan ire-iren ƙananan kifayen wurin.

Bulama, ɗan Nguru: Ku da kuke gardama, ku zo Nguru da Haɗeja ku ga ƙarshen fim ɗin. An yi dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Da can ruwa na zuwa da ƙarfi da damina ya wanke hanyoyinsa, da rani ƙasa ta bushe. Yanzu ɗan ruwa ne ke tsiyaya shekara gaba ɗaya, ba ƙarfi ba bushewa, shi ne abin da ciyawar kachala take so. Ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama gidan jan baki. Ku zuba 'ya'yan kifi tirela goma a cikin kachala ku ga ko za ku kama.

Injiniya Aminu, Agege: Bulama, Tiga da Challawa don noman rani da ruwan shan Kano aka yi su. Kada a ɗora wa wutar lantarki.

Bulama, ɗan Nguru: Kifi bai san da me aka yi bango ba, Injiniya. Kuma an gwada gyara a maƙwabta. A Kamaru dam ɗin Maga na 1979 ya busar da fadamar Waza da Logon, a 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake hawa wani yanki, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo. Ba a sayi ɗan kifi ko ɗaya ba.

Malama Hauwa: Har a dam na wuta ana yi. A Zambiya, tun da aka gina Itezhi-Tezhi a kogin Kafue aka sa sharaɗin a riƙa sako ruwa na musamman a watan Maris don fadamar da ke ƙasa. Ba kowace shekara aka cika sharaɗin ba, amma yana rubuce, akwai abin da za a riƙe mutum da shi. Abin da muke buƙata ke nan a Jebba da Shiroro da Zungeru: a ware wasu makonni, ruwa ya hau a hankali ya sauka a hankali, a lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai.

Injiniya Aminu, Agege: Kin faɗe shi kamar famfo ne. Duk ruwan da ya fita ta ƙofar malala bai bi ta inji ba, wuta ce aka zubar, kuma shi ne za a nema a watan Afrilu da Mayu in tafki ya ja baya. Kamfani ya karɓi tashar ne don ya sayar da wuta. Wa zai biya shi asarar? Ban ce ba za a iya ba, a shekarar da ruwa ya yi yawa dama dole a zubar, sai a tsara lokacin. Amma a shekarar fari, in aka ce a zaɓa tsakanin kifi da wuta, kun san abin da Abuja za ta zaɓa.

Hajiya Talatu, Ketu: Ni fa tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Ku ce a sako ruwa? Mu da ke nan mun san abin da ke faruwa a Isheri da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu duk lokacin da aka buɗe dam ɗin Oyan. Mutane a kwale-kwale suke fita daga gida. Na Lagdo da ke Kamaru kuma an ga abin da ya biyo baya a 2012 da 2022. A kan kifi za a sake jefa bayin Allah cikin wannan? Ni masu cin abincina titus da kote ma sun ishe su.

Malam Sanusi Bayawuri: Hajiya, wancan sakin dole ne, an riƙe ruwa har ya kai wuya sannan a buɗe a dare ɗaya. Shi ma kifi bai amfana da shi, yana kwashe ƙwai ne ya watsar. Wanda Malama take nufi sananne ne, a sanar tun da wuri, manomi ya san iyakar inda zai kai. Amma tsoronki yana kan hanya, domin fadamar da ruwa zai hau yanzu ba fili ba ce. An yi gidaje, an yi gonakin shinkafa, ana fesa maganin ciyawa har bakin kogi, burgun ma an yanke an kai kasuwa. Titus ɗin kuma da dala ta Amurka ake shigo da shi, kin ga yadda kwalinsa ya koma.

Alhaji Garba, Mile 12: To kun ga inda kuka kai mu. Rushewa ba ta yiwuwa, matakala ba ta aiki, sakin ruwa sai Abuja da kamfani sun yarda, fadama an cinye. Ni na kawo abin da hannunmu zai iya, kun ce a'a. A Argungu me ya sa ake fito da manyan kifaye a Matan Fada? Don Sarkin Ruwa ya hana taɓa wurin sai ranar biki. Babu wanda ya sako musu dam.

Malama Hauwa: Babu kuma wanda ya zuba musu 'ya'ya, Baba. Misalinka hani ne, kuma shi na goyi baya. In za mu tara kuɗi, a ba sarakunan ruwa na wasu ƙauyuka ƙarfin killace wuraren haihuwa da damina, a sayi man jirgin sintiri, a sauya wa masu ƙaramin ido raga. Kafin nan a nemi shawarar cibiyar binciken kifi da ke New Bussa, aikinsu ke nan. Batun tsarin sakin ruwa kuma a rubuta wa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, mai hedikwata a Minna.

Malam Sanusi Bayawuri: Akwai wanda ya fi wannan kusa, sai dai ba mai son ji. Wa ke sayen ƙananan karfasan nan da ba su kai yatsu uku ba? Wa ke ba masunci bashin raga da inji ya ce a biya shi da kifi ko wane iri ne? Har wanda aka kashe da gubar gamalin, in an banda shi ya yi kyau, akwai masu karɓa a cikinmu. Mu daina karɓar ƙanana mana.

Alhaji Garba, Mile 12: In na ƙi, motar Onica ce za ta ɗauka tun a bakin ruwa, ni in zauna da rumfa wayam. Kai za ka biya mini haya?

Bulama, ɗan Nguru: Sai a yi magana da na Onica ɗin.

Alhaji Garba, Mile 12: Ka fara samo mini mutum goma a cikin zauren nan da za su sa hannu. Ni dai maganar 'ya'yan kifi ban janye ba, zan kawo ta taron ranar Lahadi bayan la'asar. Malama Hauwa, ki zo da lissafin kuɗin sintirin naki a rubuce, a ɗora kusa da nawa. Nura, kai ka zo da tabarmi.