Wai da gaske boko da ajami duk daga Jubail suka fito?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, boko da ajami kakansu ɗaya ne, rubutun Finikiyawan garin Jubail, wanda Turawa ke cewa Biblos, can bakin teku a Labanon kamar kilomita 40 arewa da Beirut.

Hajiya Mai Atamfa: Haba ɗana, ajami daga dama ake faro shi boko daga hagu, ta ina suka haɗa jini?

Ɗan Damagaram: Hajiya ki duba alif da ba, Girkawa alfa da beta suke cewa. Alif a yaren Finikiyawa sa ne, wato bijimi, bet kuma gida, kin ga baiti na Larabci ke nan. Baƙaƙe 22 ne kawai ba wasali, daga dama suke rubutu kamar yaranmu a allo, Girkawa ne suka ara suka sa wasula daga baya suka juya shi, Rumawa suka ɗauka a wajensu, shi kuma Larabci ta hannun Aramiyawa da Nabaɗawa, mutanen da na yankin Sham da Jodan, ya gangaro.

Malamin Sakandare: Dangantakar gaskiya ce ƙanena, amma ba a Jubail aka ƙago haruffa ba. Tun 1905 Flinders Petrie, Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, ya ga rubutu jikin duwatsu a wurin haƙar ma'adinai na Sarabiɗ al-Khadim a Sina'i, har da zanen kan sa, kuma ya girmi na Jubail da ɗaruruwan shekaru.

Ɗan Damagaram: Malam na yarda, amma wa ya san na Sina'i?  Su Finikiyawa fatake ne na teku, itacen al'ul suke kai wa Masar suna sayo takardar fafiros, duk tashar da jirginsu ya sauka haruffan nan sun sauka. Akwatin gawar sarki Ahiram na Jubail da aka tono a 1923 yana gidan tarihi na Beirut yanzu haka, rubutun na jikin murfinsa, kimanin shekara 3000 ke nan wallahi abin yana taɓa ni.

Malamin Sakandare: To ka ce su suka gyara suka yaɗa, nan ba ni da ja. Kuma kar a manta Sur da Saida, su ma garuruwan Finikiyawa ne, mutanen Sur ne ma suka kafa Kartaj a Tunisiya ta yau.

Hajiya Mai Atamfa: Ikon Allah. Ni dai sa ɗin nan ne ban gani ba jikin alif, sanda kawai nake gani.

Ɗan Damagaram: Hajiya rubuta A babba na boko a takarda, ki kifa shi ƙasa ya koma sama, ga ƙaho biyu nan ga fuska.