Na daina sata tuntuni, amma kuɗin mamaci da sunan wani suna wuyana

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, in kun karanta za ku ga dalili.

Shekara 12 ke nan da abin ya faru. Ni ne akawun wani ɗan kasuwa, littafin lissafi da makullin sito duk suna hannuna. Mutumin nan ya amince da ni har ba ya duba abin da na rubuta, sa hannu kawai yake yi. Kusan shekara uku ina tsakurar kuɗinsa ina gyara rasit. Ranar da aka ƙirga kaya aka ga giɓi, sai zargi ya faɗa kan wani yaro mai lodi. Ban ce shi ne ba. Amma da maigida ya juyo ya tambaye ni, sai na ce, "To, shi dai ke rufe ƙofar baya." Gaskiya ne shi ke rufewa, na kuma san inda maganar za ta kai shi. Aka kore shi a gaban kowa. Har yau ina ganin yadda ya tuɓe rigar aiki ya ninke ta ya ajiye a kan teburina, hannunsa na rawa, yana roƙona in gaya wa maigida ai na san halinsa. Na sunkuyar da kai kamar ina rubutu.

Tun daga lokacin ban ƙara zuwa furta zunubi a gaban Fada, wato firist, ba. Ina zuwa Misa, amma in an tashi karɓar Jikin Almasihu, wato gurasa mai tsarki, sai in zauna. Bara 'yata tana shirin karɓa na farko, muna dawowa daga coci ta ce, "Baba, kai me ya sa ba ka taɓa tashi ba?" Daren nan ban runtsa ba. Daga nan na fara addu'a ta gaske, kuma wani abu ya juya a cikina wanda ba ni na juya shi ba. Giyar da na yi shekaru ina fama da ita ta fita raina. Ƙaryar da take fito mini a baki ba tare da na yi tunani ba, yanzu nauyi take mini. Matata ma ta ce kamar an canja mata miji.

Ga inda na tsaya. Maigidan ya rasu shekara biyar da suka wuce, ya bar mata da 'ya'ya uku. Kuɗin ba ni da su gaba ɗaya. Yaron nan ban san inda yake ba. Matata ba ta san komai ba. Ina so in je wurin Fada, amma tsoro nake kada ya ce sai na miƙa kaina ga hukuma kafin ya ba ni gafara. In kuwa Allah ya riga ya sabunta ni, dole ne in tono abin da ƙasa ta rufe? Ku taimake ni, kada ku ji nauyin gaya mini gaskiya.

Wani matashi ya fara amsawa:

Yaya, Allah ya yi maka babban abu. Karanta 2 Korintiyawa 5:17, duk wanda yake cikin Almasihu sabuwar halitta ne, tsohon abu ya wuce. Wanda ya yi satar nan ya mutu. Shawarata ka bar kaza cikin gashinta. In zuciyarka ta dame ka, ka cire wani abu ka ba coci ko marayu, ka ci gaba da rayuwarka. Tono wannan zai rushe gidanka a banza.

Wani malam katikis, mai koyar da addini a coci, ya rubuta:

Ɗana, na karanta sau biyu. Kafin komai bari in cire maka tsoron nan, domin shi ne igiyar da ta ɗaure ka.

Abin da ka faɗa wa Fada a wurin furta zunubi, a nan yake mutuwa. Dokar Ikilisiya, sashe na 983, ta hana shi tona shi da baki ko ta wata hanya, ko da wane dalili. Fadan da ya tona kai tsaye, a take ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya, kuma sai fadar Paparoma ce kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin. Batun hukuma kuma, a shekarar 2019 ofishin Vatican mai kula da sha'anin furta zunubi ya bayyana ƙarara cewa ba a yarda Fada ya sa miƙa kai ga hukuma ya zama sharaɗin gafara ba. Yana iya ba ka shawara, ba zai tilasta ka ba. Saboda haka ka je a makon nan. Kada ka jira sai ka tara kuɗin. Abin da ake nema a gare ka shi ne nadama ta gaske, ka faɗi abin yadda yake (har da tsawon lokacin da kimanin yawan kuɗin, har da maganar ƙofar baya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi), da kuma niyya tabbatacciya ta mayar da haƙƙin mutane gwargwadon ikonka.

A nan ne zan saɓa wa ƙaramin ɗan'uwanmu da ya fara amsawa, ko da yake na san ƙauna ce ta sa shi. Katikizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992 zamanin Paparoma John Paul na Biyu, ya yi magana a kan wannan a sakin layi na 1459: gafarar da Fada zai furta tana kawar da zunubi, amma ba ta gyara dukan ɓarnar da zunubin ya yi ba. Har misalai ya kawo, kuma biyu daga cikinsu naka ne, wato mayar da abin da aka sata da wanke sunan wanda aka ɓata. Matar marigayin nan da 'ya'yanta har yanzu suna bin ka bashi, domin haƙƙin mamaci ga magadansa yake komawa.

Ba wa coci ko marayu kuwa ba ya biyan wannan bashi muddin masu shi suna raye kuma ka san ƙofarsu. Duba Littafin Ƙidaya 5:7-8. An ce mai laifi ya furta, ya biya cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba wanda ya cuta. Sai in ba wani dangi da ya rage sannan abin ya koma ga Ubangiji. Kyauta da dukiyar wani ba kyauta ba ce.

Amma ba dole ne su san daga ina kuɗin suka fito ba. Kana iya mayarwa a ɓoye, kaɗan-kaɗan, ta hannun Fada ko wani amintacce. Kuma ba a ce ka bar 'ya'yanka da yunwa don ka biya a rana ɗaya ba. Zauna da biro da takarda, ai kai akawu ne, ka fitar da adadin da lamirinka ya yarda da shi, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa cirewa duk wata.

Matashin ya dawo:

Baba, na ji, amma ina alherin yake ke nan? Kamar dai an ce mutum ya sayi gafara da kuɗinsa.

Malam katikis:

Tambaya mai kyau. Buɗe Luka 19 ka lura da abin da ya zo farko. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, yana kan itace bai mayar wa kowa ko sisi ba Yesu ya ɗaga kai ya kira shi da sunansa ya ce yau a gidansa zai sauka. Bayan Yesu ya shiga ne Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya ce masa ya yi. Alheri ne ya shiga gidan, hannun da ya saba damƙewa ya buɗe.

Abin da Majalisar Trent, babban taron shugabannin Ikilisiyar Katolika, ta koyar ke nan a 1547: in Allah ya kuɓutar da mutum, ba yafe masa zunubi kaɗai yake yi ba, yana tsarkake shi ya sabunta shi daga ciki. Ezekiyel 36:26 ya kira shi cire zuciyar dutse a sa ta nama. To zuciyar nama tana jin zafi. Ɗan'uwan nan shekara goma sha ɗaya yana barcinsa lafiya da wannan kaya, sai yanzu ya kasa. Ni a wurina rashin barcin nan ma aikin Allah ne, daidai da fitar giya daga ransa.

Wata uwa ta rubuta:

Ɗana, duk kun tsaya kan kuɗi. Ni yaron nan nake tunani.

An taɓa yi mini irin wannan ina budurwa, a wani wurin aiki da ba zan ambata ba. Kuɗi suka ɓace, aka ce ni ce, aka zazzage jakata a kan tebur mutane na kallo. Na sami wani aikin daga baya, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Amma mahaifina ya rasu bai tabbatar ko 'yarsa ɓarauniya ce ko a'a ba. Bai taɓa ce mini ni ce ba, amma na lura daga ranar ya daina aikena da kuɗi. Yau sama da shekara talatin, da wanda ya ɗauka zai kira ni ya ce "ni ne, ba ke ba ce," wallahi da ya fi mini a ba ni gida.

Kuɗin marigayi kana iya mayarwa ba suna. Sunan yaron nan ba ya mayuwa haka. Na yafe wa wanda ya yi mini, tuntuni, don Ubangiji ya ce mu yafe. Amma yafewata ba ta goge abin da mahaifina ya tafi da shi a zuciya ba. Ka neme shi, ɗana. Wataƙila iyayensa suna da rai.

Malam katikis:

Mama ta faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Sakin layi na 2487 na Katikizim ya ce laifin da aka yi wa gaskiya da adalci yana wajabta gyara ko da an riga an gafarta wa mai laifin, in kuma ba a iya yi a fili ba a yi a ɓoye. Mafi ƙaranci, iyalin marigayin su sami tabbaci cewa yaron ba shi ya ɗauka ba, shi ma ya san an wanke shi. Saƙon da zai raka kuɗin yana iya ɗaukar wannan. Ko za ka tsaya gabansa da kanka, wannan ka tattauna da Fada, amma zuciyata tana tare da Mama. Ka tuna kuma aikinsa ya rasa saboda kai, shi ma yana da haƙƙi na abin hannu.

Wata 'yar'uwa ta ƙara:

Abu biyu a gaggauce, Yaya. Kafin ka rubuta wata takarda da hannunka, ka nemi shawarar lauya a asirce, don ka san matsayinka, ba don ka guje wa biya ba. Na biyu, matarka. Za ka riƙa cire kuɗi daga abin da kuke ci duk wata, ba daidai ba ne ta gani ba ta san dalili ba. Macen da ta ce kamar an canja mata miji ta riga ta ga aikin Allah a kanka. Za ta yi kuka, ƙila ta yi fushi kwana biyu, amma gara ta ji daga bakinka.

Wani dattijo:

Ɗana, kada Shaiɗan ya raɗa maka cewa ka yi nisa. Waliyyi Agustin da kansa ya ba da labarin satar 'ya'yan itace da ya yi yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, don daɗin ɓarna kawai. Ya yi shekaru yana yawon duniya, mahaifiyarsa Monika na kuka a gaban Allah, sai a 387 Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a Milan. Mutumin nan da ya san alheri fiye da yawancinmu, shi ne ya rubuta wa wani jami'in Roma cewa wanda yake da ikon mayar da abin da ya ƙwace ya ƙi, tubansa na baki ne. Ka ga wanda ya fi ɗanɗana jinƙai bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Ina sa ka cikin rosarina, wato addu'ar carbi, na daren yau.

Mai neman shawara ya dawo bayan kwana tara:

Iyayena, na je ranar Asabar. Na yi layi sau biyu ina komawa baya kafin na shiga. Da na durƙusa na ce shekara 12 rabona da nan, na ɗauka zai yi faɗa, sai ya ce, "Barka da dawowa." Na faɗi duka, har da rigar da aka ninke. Ranar Lahadi na tashi na bi layi, 'yata tana gabana tana ta waiwayowa.

Na gaya wa matata daren Litinin. Ta yi shiru har gari ya waye. Da safe ta kawo mini littafin da take rubuta kuɗin gida, ta ce mu duba abin da za mu iya ragewa. Har yanzu ba ta sake da ni sosai ba, ban kuma ga laifinta ba. Na nemi Fada a ofishinsa na sake yi masa bayani a waje, tun da abin da ya ji a wurin furci ba ya iya aiki da shi, ya kuma yarda kason farko ya bi ta hannunsa ƙarshen watan nan, tare da saƙon da zai wanke yaron.

Mama, maganarki ce ta hana ni sakat. Na bi ta wurin wani tsohon direbanmu na sami lambar yaron. Ashe yana da aure da 'ya'ya biyu, mahaifiyarsa kuma tana da rai. Lambar tana cikin wayata kwana uku ke nan, na danna sau da yawa ina kashewa kafin ta shiga. Na yi wa Fada alkawari zan kira yaron gobe bayan Misar safe, in roƙe shi ya ba ni lokaci mu haɗu. Ku yi mini addu'a kada muryata ta ɗauke in ya ɗaga.