Gona ɗaya, shekara ɗaya, kwalba daban: me kuka gani?

Mai buɗe zance:
Jama'a masu aikin ɗakin ajiyar giyar inabi da masu hidimar tebur, abin da idonku ya gani nake nema. Makon jiya muka buɗe jar giyar Bordo (wani yanki a Faransa) ta 2005, kwalba biyu daga gona ɗaya, kuma a kusurwa ɗaya suka kwanta tun zuwansu. Ƙaramar, mai mililita 375, da na karkata kofin a kan farin ƙyalle sai na ga gefenta ya koma launin bulo, ƙamshin kamar na busasshen ganye. Babbar kuwa, wato magnum, mai lita 1.5, ja ce mai duhu, baurinta na nan yana kama dasashi. Ko ni kaɗai na taɓa cin karo da wannan?

Tsohon hannu:
Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Gobe ka jera kwalaben uku, da ƙarama da mai mililita 750 da magnum, ka dubi wuyansu. Kusan faɗi ɗaya ne, matoshi ɗaya, ƴar iskar da ke tsakanin matoshi da giya ma kusan ɗaya. Wannan iskar, da wadda ke kurɗawa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, ita ke tausasa bauri tana sauya launi. A ƙaramar kwalba giya kaɗan ce ke shanye ta, a magnum kuwa ninki huɗu ne ke raba ta. Dole ƙarama ta riga tsufa. Shekarun da na yi a aikin nan, ƙananan nake fara fitarwa, magnum in bar ta ta yi barcinta.

Mai kula da na'urar sanyi:
Gaskiya ne Baba, amma kada a manta da zafi. Mun taɓa yin kwana biyu na'ura a mace, ɗakin da muke riƙewa a digiri 13 ya ɗumame. Ƙananan nan da nan suka ɗau ɗumi a hannu, biyu har sun yi tsatsafa ta matoshi, abin ya bi wuya ya bushe yana danƙo. Manyan da sauran sanyinsu. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa.

Uwar tebur:
Ni dai ban yarda cewa duk babba ta fi ba. An taɓa kawo mana imperial mai lita 6 wurin wata liyafa, mutum biyu suka ɗauko ta. Matoshin ya ɓarɓushe a hannuna, ƙamshin ya tsere, ɗanɗanon ya yi lami. Irin waɗannan manyan, sau da yawa matoshinsu na musamman ake yankawa, bai cika zama daram kamar na kwalbar yau da kullum ba. Har yau ina jin ciwon ranar, domin shekara ashirin mai ita ya yi yana jira. In daɗewa ake so, magnum nake zaɓa.

Mai buɗe zance:
Na gode Yaya, na gode Baba. Saura ƙanana shida a akwatin, na sa su cikin jerin wannan watan. Magnum ɗin da ta rage na mayar da ita can ƙasa, a kwance, don kada matoshin ya bushe.