Ƙwayoyi masu caji biyu a DMA, ku ya kuke yi da su?

Auwal:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina son jin ta bakin duk mai aiki da DMA (differential mobility analyzer), wato na'urar ware ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska bisa girma. Na saita boltej a kan nanomita 100 amma da na duba abin da ya fito sai ga manya wajen 150 sun biyo sahu. Dalilin dai na sani, na'urar ba girma take gani ba, saurin da ƙwaya ke tafiya cikin filin lantarki take gani, to babba mai caji biyu da ƙarama mai caji ɗaya hanyarsu ɗaya. A aikace ya kuke rage su?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam Auwal. Kafin komai ka duba cajar da ke gaban DMA ɗin naka, wato na'urar da ke daidaita cajin ƙwayoyin kafin su shiga. Mu a lab ɗinmu Po-210 (polonium mai fitar da radiyeshan) muke amfani da shi a cajar, kuma shi duk kwana 138 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, bayan shekara abin da ya saura bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, idan kana tura iska da yawa ƙwayoyin ba sa samun isassun ayon (ƙwayoyin gas masu caji) su daidaita. Teburin Wiedensohler na 1988 na yadda caji ke rabuwa tsakanin ƙwayoyi, wanda manhajar na'urar ke lissafi da shi kuwa, ya ɗauka an riga an kai daidaito, in ba a kai ba gyaran da take yi ma ba zai yi daidai ba. Da muka koma Kr-85 (krypton mai radiyeshan) mai ɗaukar kusan shekara 11 kafin ya ragu da rabi sai sakamakonmu ya daina yawo.

Injiniya Sani:
Gaskiya ne Malama, amma ko caja sabuwa fil ce masu caji biyu ba za su ɓace ba, a nanomita 100 wajen kashi 3 zuwa 6 ne, kuma suna ƙaruwa da girma. Ni na yi aiki da cajar korona (mai samar da ayon da babban boltej) mai ba da caji iri ɗaya, saboda a nanomita 10 cajar da aka saba wajen kashi 5 kawai take cajawa, sauran duk asara. Ƙanana kam ta taimaka sosai, manya kuwa lodin caji take musu, ga kuma iskar ozon da take haifarwa. Ban ba ka shawarar ta a girman da kake so ba ɗan uwa.

Hauwa:
Yaya Auwal abin da ya yi min aiki shi ne gyara tushen ƙwayoyin tun farko. Nakan rage kaurin ruwan gishirin da nake fesawa har mafi yawansu su faɗo ƙasa da girman da nake nema, sai na zaɓa daga gefen manya, a nan 'yan 150 ɗin dama ba su da yawa. Idan aikin na son tsafta sosai sai na jera DMA biyu da caja a tsakani, babba sai ta sake samun caji biyu kafin ta wuce, amma ka sani adadi zai faɗi ƙwarai don wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan 100 ne za su tsira.

Auwal:
Na gode ƙwarai. Malama Rabi tawa ma Po-210 ce, zan duba ranar da aka kawo ta. Hauwa, da adadin ya faɗi haka CPC ɗinki, wato na'urar ƙirga ƙwayoyin, yana ƙirgawa lafiya ko sai kin tsawaita lokacin awo?